Ƙudan Ƙarya a Gurɓataccen Ruwa: Tarihin Fatsa da Bambancin Matsayi a Ingila

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Ingila kamun kifi da fatsa ya daɗe da barin matsayin sana'a ya koma abin shaƙatawa, har ya kasance yana da littattafai da mujallu da ƙungiyoyi da dokoki nasa na kansa. Duk wanda ya nazarci waɗannan littattafai zai tarar an kasa masu fatsa kashi biyu. Kashi na farko su ne masu jefa ƙudan ƙarya, watau ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro, suna neman kifayen da ake ganin darajarsu a cikin rafuka masu ruwa garau. Kashi na biyu kuwa su ne masu sa tana ko tsutsa ko burodi a ƙugiya, su zauna a gaɓar kogi ko tafki ko kanal suna dakon sauran kifaye. An fi shekara 100 ana ɗaukar wannan rabo tamkar halitta ce ta zo da shi, har ta kai idan aka ga mutum yana jefa ƙuda a kanal ɗin tsakiyar gari sai a yi masa kallon wanda ya yi ɓatan kai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin rabon, ta nuna cewa mallakar ƙasa da bambancin matsayi na ƙarni na 19 su suka haife shi, kuma jefa wa kifayen gama-gari ƙuda al'ada ce da ta girme shi. Daga nan za a duba yadda al'adar ta farfaɗo, da irin sauyin da gurɓataccen ruwan kanal ya tilasta wa masu yin ta.

2.0 Kalmomi Biyu da Sunayen Kifaye

Ingilishi yana da kalmomi biyu waɗanda aka rataya wa wannan rabo. Ta farko ita ce “game”, sunan da ake kiran namun daji da tsuntsayen da doka ta keɓe wa manya farautarsu. Wata doka ta 1671 ta hana kowa farautar zomo da makwarwa da makamantansu sai wanda ƙasarsa ke kawo masa fam 100 a shekara, ba a kuwa soke wannan sharaɗi ba sai a 1831. Saboda haka, sa'ad da aka laƙaba wa wasu kifaye wannan kalma, ta zo musu da ƙamshin sarauta da mallakar ƙasa. Ta biyu ita ce “coarse”. Masana asalin kalmomi suna ganin ma'anarta ta farko ita ce abin da aka saba da shi, kamar yadin da ake ɗinka rigar zaman gida da shi. Daga baya ne ta ɗauki ma'anar abu mai kaushi, marar kyau. A wannan maƙala za a riƙa cewa “kifayen alfarma” da “kifayen gama-gari”.

Da yake babu waɗannan kifaye a kogunan ƙasar Hausa, an daidaita sunayensu da bakin Bahaushe. A cikin na alfarma, salmon ya zama samon, trout ya zama tirawut, grayling ya zama girelin. A cikin na gama-gari kuwa, pike ya zama fayik, wani dogon kifi mai haƙora wanda ke yi wa 'yan'uwansa kwanton ɓauna. Perch ya zama paci, mai ratsi-ratsi a jiki, shi ma maci-kifi ne. Roach da rudd da dace sun zama roci da radi da desi, ƙananan kifaye masu ƙyalli. Chub ya zama cabi, mai faffaɗan baki da ba ya zaɓen abinci. Bream da carp da zander kuma sun zama birim da kap da zanda.

Akwai ɗan bambanci na halitta tsakanin kashin biyu. Dangin samon suna da wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka kusa da wutsiya, kuma samon da tirawut suna zuba ƙwai ne a kaka da hunturu, alhali kuwa na gama-gari sai bazara. Amma girelin ya isa shaida cewa iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Yana da wannan fiffike, ga shi kuma yana zuba ƙwai a bazara. Doka ta haɗa shi da na gama-gari wajen lokacin hana kamu. Masu gadin rafukan attajirai sun daɗe suna kwashe shi da taru suna zubarwa. A 1977 kuma aka kafa ƙungiya musamman don kare martabarsa.

3.0 Fatsar Ƙuda Kafin a Raba Gari

Mafi tsufan bayanin ƙudan ƙarya da aka sani a Turai shi ne na Aelian, wani marubucin Rum da ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ya ba da labarin mutanen Masidoniya waɗanda ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura mata gashin zakara guda biyu, su kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo. A Ingila kuwa, littafin farko da aka buga a kan fatsa shi ne Treatyse of Fysshynge wyth an Angle na 1496, wanda ake dangantawa da wata mace mai suna Juliana Berners. Littafin ya kawo ƙudaje 12 na tirawut da girelin bisa ga watannin shekara, amma ya ba fayik da birim da roci da desi nasu gurbin, ya kuma ambaci kap a matsayin kifi mai daɗin ci wanda bai yawaita a ƙasar ba tukuna.

Ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamani fayik da birim abincin manya ne. Ranakun da Coci ya hana cin nama suna da yawa, don haka gidajen sarauta da gidajen masu zuhudu sukan haƙa kududdufai su yi kiwon waɗannan kifaye, talaka kuwa ya dogara ga busasshen kifin teku ko mai gishiri. Ke nan kifin da jikoki suka raina shi kakanni ke yi wa baƙo liyafa da shi.

A 1653 Izaak Walton ya fitar da The Compleat Angler, littafin da ya fi kowane suna a wannan fage. Kifin farko da malamin cikin littafin ya kama a gaban almajirinsa shi ne cabi, ya kuma koya masa ya laɓe a bayan itace, ya soka fara a ƙugiya, ya sauke ta a hankali kan fuskar ruwa. A bugu na biyar, na 1676, abokinsa Charles Cotton ya ƙara kashi na biyu a kan jefa wa tirawut da girelin ƙuda a Kogin Dove. Tana da ƙuda, kap da tirawut, duk bango ɗaya ya rufe su, mai karatu ɗaya kuma ake nufi da su. Har a 1867, sa'ad da Francis Francis, editan sashen fatsa na mujallar The Field, ya buga A Book on Angling, yana koyar da yadda ake kama cabi da desi da ƙuda, kamar yadda aka saba yi a Kogin Thames da rani. To, amma a lokacin ƙasar ta riga ta fara tsagewa a ƙarƙashin masu fatsa.

4.0 Kanal da Ma'aikacin Masana'anta

Kanal hanyar ruwa ce wadda mutane suka haƙa don jigilar kaya. A 1761 aka buɗe na Bridgewater, wanda injiniya James Brindley ya yi aikinsa don kai kwal daga ma'adinan Worsley zuwa Mancesta, farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. Ganin haka sai masu jari suka yi ca a kan haƙa. Birmingham ta sami nata na farko a 1769. Wanda ya haɗa Kogin Trent da Kogin Mersey ya kammala a 1777. Wanda ya tashi daga Leeds zuwa Libaful, mai tsawon mil 127, ya kammala a 1816. Kafin jirgin ƙasa ya karɓe ciniki, tsawon kanal-kanal da kogunan da jirage ke bi ya kai wajen mil 4,000.

Da shebur da baro aka haƙa su, aka daɓe cikinsu da kwaɓaɓɓen yumɓu don kada ruwa ya tsiyaye. Zurfin yawancinsu a tsakiya bai wuce ƙafa 4 zuwa 5 ba, ruwan a kwance yake, ana ɗaga jirgi ko a sauke shi ta wasu ɗakunan ruwa masu ƙofofi, a gaɓa ɗaya kuma akwai turbar da doki ke bi yana jan jirgin. Ba wanda ya haƙa kanal don kifi, amma kifi ya shigo ta koguna da madatsun da ke ba shi ruwa. Waɗanda suka zauna su ne masu jure ruwa mai ɗumi da laka, watau roci da birim da paci da fayik. Tirawut kuwa sai da ruwan sanyi mai gudu da tsakuwar da zai zuba ƙwai.

A daidai wannan lokaci mutanen karkara suna kwarara cikin garuruwan masana'antu. A dokar Ingila, haƙƙin kamun kifi a ruwan da hawa da saukar teku ba sa kaiwa gare shi na mai ƙasar da ke gaɓa ne. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Libaful da Mancesta a 1830, layuka suka bazu, attajiran birni suka sami damar zuwa koguna masu nisa, kuɗin hayar ruwan samon da tirawut ya tashi ya fi ƙarfin mai albashin mako. Abin da ya rage wa maƙerin Sheffield ko masaƙin Mancesta shi ne kanal ɗin da ke bayan masana'antarsa, da kogunan fadama masu tafiyar hawainiya. Dokar masana'antu ta 1850 ta buɗe ƙofar tashi daga aiki da azahar ran Asabar, dokar 1871 kuma ta kawo ranakun hutu na ƙasa. Da wannan ɗan sarari ma'aikata suka kafa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi, galibi a mashayar unguwa, suka haɗa kwabo-kwabo suna hayar ruwa daga kamfanonin kanal, suna neman ragin kuɗin tikiti daga kamfanonin jirgin ƙasa. Ƙungiyar masu fatsa ta Birmingham ta kafu a 1883, ta Landan a 1884, ta ƙasa baki ɗaya a 1903, aka kuma yi gasar ƙasa ta farko a 1906.

Gasa ita ce ta ba fatsar ma'aikata kamanninta. Akan kafa turaku masu lamba a gaɓa, kowa ya zari lambarsa ta hanyar ƙuri'a, ya zauna nan ba motsi har a busa usur, wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ya ci. Mutumin da aka ɗaure a wuri ɗaya dole ya jawo kifi gare shi ta watsa tsutsa da garin burodi. Mai ƙuda kuwa tafiya yake yi yana neman kifi inda yake. Saboda haka tsarin gasar kansa bai bar wa ƙuda gurbi ba. Ashe katangar ta ɓangare biyu aka gina ta.

Wajen doka ma an nuna fifiko. Samon ya sami babbar dokar kariya tun 1861, na gama-gari kuwa ana ta kama su da ƙwai a ciki ba mai cewa uffan. Sai a 1878, bisa matsin lambar ƙungiyoyin Sheffield da na Landan, ɗan majalisa mai wakiltar Sheffield, A. J. Mundella, ya gabatar da dokar da ta hana kama su daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Nasara ce ga ma'aikata, sai dai ta ƙara tabbatar da rabon, tun da yanzu kowane kashi yana da dokarsa da lokacinsa.

5.0 Rafukan Alli da Aƙidar Ƙuda Mai Iyo

A kudancin Ingila, musamman a lardin Hampshire, akwai rafuka irin su Test da Itchen waɗanda ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli. Allin yana tace ruwan ya fito garau, sanyinsa ba ya sauyawa sosai rani da hunturu, ciyawar ruwa da ƙwari suna yalwata, tirawut ya yi ƙiba. A nan mai fatsa yana ganin kifi, kifi kuma na ganinsa, kamar dai abin nan da Hausawa ke faɗa wa mai jar koma. Tun 1822 aka kafa kulob ɗin Houghton a Stockbridge, mai 'yan ƙalilan mambobi, ya riƙe wani yanki na Test. A 1836 Alfred Ronalds ya buga The Fly-fisher's Entomology, mai ɗauke da zanen kowane ƙwaro tare da ƙudan da aka kwaikwaye shi da shi, abin da ya ba sana'ar rigar ilimi.

Wanda ya mayar da dabara ta zama aƙida shi ne Frederic Halford, ɗan attajirai, wanda aka haifa a 1844 a Birmingham, cibiyar kanal-kanal ɗin ƙasar, ya rasu a 1914. A littattafansa na 1886 da 1889 ya shimfiɗa ƙa'ida: mai fatsa ya jira har ya ga tirawut ya taso yana cin ƙwari a sama, ya gane irin ƙwaron, ya zaɓi ƙuda mai kama da shi, ya jefa ta sama da kifin, ya bar ruwa ya gangaro da shi yana iyo. Dabara ce mai kyau wadda ta dace da wannan ruwa. Amma mabiyansa sun ɗauke ta a matsayin ma'aunin tarbiyya da asali, suka rubuta ta cikin dokokin kulob, duk wanda ya saɓa a ce ba ɗan mutunci ba ne.

Wani lauya mai suna G. E. M. Skues, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana fatsa a Itchen, ya lura cewa tirawut ya fi cin ƙwari tun suna tsutsa a ƙarƙashin ruwa, kafin su yi fiffike. A littattafansa na 1910 da 1921 ya kare amfani da ƙuda mai nutsewa. A 1938 aka yi muhawara a kan haka a kulob ɗin masu ƙuda na Landan, akasarin waɗanda suka yi magana suka juya masa baya, a wannan shekara kuma ya bar ruwan da ya saba da shi. Idan har nutsar da ƙuda 'yan inci kaɗan don kama tirawut ya zama abin zargi, to, ina batun jefa wa roci ƙuda a bayan masana'antar gas? Masu gadin rafukan alli ma aikinsu ne su kwashe fayik da desi da roci su fitar. An dai sami tsirarun marubuta da ba su bi yayi ba, kamar H. T. Sheringham, mai littafin Coarse Fishing na 1912, wanda bai ga aibin kama cabi da ƙuda ba. Amma muryarsu ba ta kai ta jama'a ba.

6.0 Yadda Katangar Ta Zube

Abubuwa huɗu ne suka taru suka rushe ta a ƙarni na 20. Na farko shi ne sauyin da ya sami kanal kansa. Jirgin ƙasa da babbar mota sun ƙwace masa kaya. Gwamnati ta karɓi yawancinsu a 1948. Tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwa makonni da dama, ya ƙarasa ragowar ƙananan jiragen haya. Amma tun 1946 wasu masu kishi suka kafa ƙungiyar ceto hanyoyin ruwa, dokar sufuri ta 1968 kuma ta amince da amfaninsu na shaƙatawa. Daga 2012 wata hukumar amana mai suna Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales.

Na biyu shi ne yaƙi da dattin masana'antu. A 1948 aka kafa ƙungiyar da ke kai ƙarar masu zuba guba a ruwa a madadin masu fatsa. A 1952 wata ƙungiyar masu fatsa ta Derby, tare da wani basarake mai ƙasa a gaɓar ruwan, suka yi nasara a kotu a kan wani kamfanin sinadarai da hukumar garin da hukumar lantarki, saboda ɓata Kogin Derwent. A wannan shari'a talaka da basarake sun tsaya a layi ɗaya. Da tsofaffin masana'antu suka riƙa rufewa, aka kuma tsaurara dokoki, kifi ya koma sassan kanal da aka daɗe da fid da rai da su.

Na uku shi ne arahar kayan aiki. A da sandar ƙuda ta gora ce da gwani ke tsagawa ya haɗa da hannu, igiyar kuma ta siliki ce mai bukatar shanya da shafa mai. Daga shekarun 1950 aka sami sanda ta zaren gilashi da igiya mai rufin roba, a shekarun 1970 kuma sanda ta zaren kabon.

Na huɗu shi ne manyan madatsun ruwan sha da aka zuba wa tirawut, ake sayar da tikitin yini ga kowa. Chew Valley, wadda aka buɗe a 1956, da Grafham ta 1966, da Rutland ta shekarun 1970, sun jawo dubban mutanen da suka tashi da tsutsa a gaɓar kanal suka koyi jefa ƙuda. Richard Walker, injiniyan da ya kama kap mai nauyin laba 44 a tafkin Redmire a 1952, yana cikin waɗanda suka ƙetare iyaka, ya koma yana ƙirƙiro ƙudajen madatsa. A waɗannan ruwaye an saba ɗaura ƙuda mai kama da ɗan kifi, paci da fayik kuwa ba su san an keɓe shi ga tirawut ba, sai su yi ta cafka. Abin da ya fara a matsayin kuskure ya zama abin nema da gangan.

Doka ta biyo baya. A yau lasisi ɗaya ne ya haɗa tirawut ɗin da ba ya zuwa teku da kifayen gama-gari. An ɗage hanin bazara daga yawancin tafkuna a 1995, daga yawancin kanal-kanal kuma a 2000, ya saura a kan koguna. Daga Amurka, inda wannan rabo bai yi ƙarfi kamar a Ingila ba, aka sami sababbin ƙudaje da littafin Carp on the Fly na 1997. A Ingila kuma Dominic Garnett ya buga Flyfishing for Coarse Fish a 2012.

7.0 Darasin Gurɓataccen Ruwa

Ba kowane kanal ne gurɓatacce ba. Na Grand Western da ke Devon, mai tsawon mil 11, inda jiragen inji ba su da yawa, ruwansa yakan yi garau, a ga garken radi suna shan rana, a jefa musu ƙaramin ƙuda mai iyo kamar yadda Halford ya koyar, domin bakin radi sama yake kallo. Amma a tsakiyar ƙasar, inda jiragen yawon shaƙatawa ke kai da komo, farfelar inji tana dama lakar ƙasa, ruwan ba ya gudu balle ya wanke kansa, birim da kap kuma suna tonon ƙasa suna ƙara masa duhu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Libaful, aka buga a 1983, ya nuna cewa yawan zirga-zirgar jirage yana rage ciyawar ruwa a kanal. Ya kamata a bambanta wannan gurɓata ta laka da ta guba, domin ruwa mai launin koko yana iya cika maƙil da kifi.

A irin wannan ruwa ginshiƙan aƙidar rafukan alli ba su da wurin tsayawa: mai fatsa ba ya ganin kifi, kifi ba ya ganin ƙuda sai ya zo dab da hancinsa. Dole aka koma ga wasu gaɓoɓin kifi. A kowane gefen jikinsa akwai wani layi mai jin motsin ruwa, wanda da shi yake gane abu na tafe ko da a cikin duhu. Don haka ƙudan kanal yakan fi girma, a ɗaura shi da gashi mai laushi ko fatar zomo mai kaɗawa ko da an ja shi a hankali, a yi masa kai mai kauri da zai tura ruwa. Launinsa ko dai baƙi ƙirin, wanda inuwarsa ke fita sosai ga kifin da ke kallo daga ƙasa, ko kuwa mai haske ƙwarai kamar ruwan goro. Akan sa masa ɗan dutsen ƙarfe don ya nutse. Idan aka ɗaura nauyin a bayan ƙugiya, kamar a ƙudan da Ba'amurke Bob Clouser ya ƙirƙiro a shekarun 1980, sai tsinin ya kalli sama, ya rage maƙalewa a tarkacen ƙasa. Ga roci da birim kuwa akan kwaikwayi jar tsutsar da ke cikin laka, a rataye ta ƙarƙashin wani ɗan abu mai iyo wanda zai nuna an taɓa. Wannan kuwa ba kome ba ne illa dabarar tsohon ma'aikacin masana'anta a cikin sabuwar riga.

Tun da ido ba ya aiki, sanin fasalin kanal ne ke jagora: tudun da ke kusa da gaɓa, da kwarin tsakiya inda jirage ke bi, da ƙarƙashin gada, da bakin ƙofofin ruwa, da itatuwan da suka sunkuyo a ɗaya gaɓar. Lokaci ma yana da muhimmanci, watau sassafe kafin jirgin farko ya wuce, sa'ad da laka ta kwanta, da kuma hunturu, lokacin da jirage ke raguwa ruwa ya washe. Turbar doki ƙunci gare ta, bayanta shinge ne, ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, ga wayoyin lantarki a wasu wurare, sandar kabon kuwa tana ɗaukar wuta. Saboda haka ba a yin doguwar jifa irin ta rafi. Akan mirgina igiyar ta gaba, ko a jefa a tsawon gaɓa.

Kifin da ya fi cin ribar wannan duhu baƙo ne. An kawo zanda daga nahiyar Turai zuwa tafkunan Woburn a 1878, a 1963 aka saki guda 97 a wata hanyar ruwa da ke rage ambaliyar Kogin Great Ouse, daga baya kuma ya ɓulla a kanal-kanal ɗin tsakiyar ƙasar. A bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke ba shi gani inda sauran kifaye ke lalube. Masu ƙuda suna son sa, masu gasar roci suna kuka da ɓarnarsa, doka kuma tana lissafa shi cikin baƙin halittu, ana kwashe shi daga wasu kanal-kanal da na'urar lantarki. Muhawarar wane kifi ne ya cancanci zama a ruwa, wadda aka yi a kan girelin a rafukan attajirai, ga ta ta dawo a ruwan talakawa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa daga 1496 har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 littafi ɗaya yakan haɗa ƙuda da tana, ya haɗa tirawut da cabi. Dokar mallakar gaɓa da jirgin ƙasa da tsadar haya su suka tura attajiri rafin alli, suka bar ma'aikaci da kanal. Aƙidar Halford ta ɗaure wancan, tsarin gasa ya ɗaure wannan, kalmomi biyu kuma suka riƙe rabon a bakin jama'a har bayan dalilansa sun fara gushewa. Wannan abin lura ne ga masu nazarin harshe, domin suna yakan yi tsawon rai fiye da halin da ya haife shi, mai jin sa kuma ya zaci siffar abin ce ake faɗa masa. Har yanzu yini ɗaya a sanannun sassan Test yana cin ɗaruruwan fam, kantunan kayan fatsa da mujallu da yawa kuma suna nan a rabe kamar da. Amma a turbar da dawaki suka taɓa jan kwal, mai akwatin tsutsa da mai akwatin ƙudaje sukan haɗu da sassafe, lasisi iri ɗaya a aljihunsu, suna neman paci ɗaya a ƙarƙashin gada ɗaya.